Ranar da Dunƙulen Maggi Ya Koya Mini Lissafi

Malam Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu, domin in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin abin da ya same ni sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. Na daɗe ina shawara da zuciyata ko in faɗa ko in bari, gama labarin ba na yabo ba ne a gare ni. Amma na ga waɗanda ke bayanmu su ma za a tura su, ramin da na faɗa kuwa yana nan a buɗe. Saboda haka gara in sha kunya sau ɗaya da in zuba ido wani ya faɗa.

Kafin in shiga labarin, ga wata 'yar tambaya, mai karatu. Ka san ɗan ludo, watau dunƙulen nan mai fuska shida daidai wa daida, irin siffar da Turawa ke kira kiyub. Ka kuma san yadda a ke jera ɗigoginsa: kowace fuska in an haɗa ta da wadda ke bayanta sai su ba da 7, watau 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4. To, a ce ga shi a kan tebur a gabanka, 1 tana sama, 2 tana dubanka, 3 tana hannunka na dama. Ka mirgina shi gaba sau ɗaya, ya yi nesa da kai. Sa'an nan ka mirgina shi dama sau ɗaya. Wace lamba ce a sama yanzu? Kada ka nemo ɗan ludo. Ka juya shi a cikin kanka, ka riƙe amsarka, za mu zo kanta.

Makarantar da aka tura ni tana wani ƙauye a yankin Kwali. In ka tashi daga nan Zuba sai ka bi ta Gwagwalada, ka kama hanyar Lokoja, kāna ka ratse. Aka ba ni aji biyar, yara sun fi hamsin, aka ce in riƙa koya musu lissafi. Ni kuwa na tafi da ƙarfin zuciya, don tun ina yaro lissafi ne abin taƙamata.

Ya kamata in faɗi inda na samo wannan taƙama. Ni ɗan makarantar mishan ne, ina kuwa gode wa malamaina na can, gama sun koya mana tsabta da kiyaye lokaci da kyan rubutu. Kowace safiya akwai lissafi da ka. Malam ya tsaya ya jefo tambaya, wanda ya riga ba da amsa shi ne gwani, wanda aka kama yana ƙidaya da yatsu kuwa a yi masa dariya. Hannuwa a naɗe a kan tebur, baya a miƙe. A nan na tashi da wani ra'ayi wanda ban taɓa tsayawa na bincika ba, cewa mai ƙwaƙwalwa shi ne mai sauri, kuma wanda ya nemi taimakon hannunsa ya gaza ke nan.

Ana nan sai aka aiko cewa ran Laraba malamarmu ta kwaleji za ta zo ta ga koyarwata, ta ba ni maki. Darasin makon kuwa a kan siffofi masu kauri ne. Daren Talata na zauna na shirya takardar darasi tsaf: kiyub yana da fuska 6, da gefe 12, da kusurwa 8. Sai na ce bari in ƙara wani abu da zai burge Malama, na ƙago tambayar nan da na yi maka a sama. Na juya abin a kaina cikin ƙiftawar ido, na rubuta amsa a gefen takarda, 2, na ja mata layi biyu da jan biro, na kwanta ina jin daɗi.

Gari ya waye, Malama ta iso, ta sami kujera a bayan aji ta zauna da littafinta. Darasi ya tafi sumul. Yara suka rera mini fuska shida, gefe goma sha biyu, kusurwa takwas, kamar masu waƙa. Da ya rage minti goma sai na zana ɗan ludo a allo, na rubuta tambayata, na ce, "Wa zai riga?" Nan da nan hannuwa suka tashi. Wani ya ce 3, na ce a'a. Wani yaro mai kaifin baki da ke zama a gaba ya ce 2, na ce a tafa masa, aka tafa.

Akwai wata yarinya mai kamar shekara goma sha ɗaya da ke zama kusa da taga. Tun zuwana aka gaya mini ba ta ja, in an yi tambaya sai an wuce kāna ta farga. Ina duban aji sai na hange ta ta ɗaga hannun dama daidai ƙirjinta, ta kama iska da yatsu uku, tana karkata shi gaba a hankali, sa'an nan ta karkata shi gefe, idonta a kan yatsun. Na ce, "Ke, me ki ke yi da hannu? Sauke shi. Nan aji ne, ba kasuwa ba." Ta sauke. Can sai ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Malam, huɗu ne." Na ce, "Ba daidai ba ne, an riga an ba da amsa." Ta ce, "Malam, ai na hagu ne zai hau sama." Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa da na tuna Malama tana baya tana kallo, sai na ji kamar an taɓa mini girma, na ce, "Yau ke za ki koya mini? Zauna." Da na karɓi littattafai na ga ta rubuta 4, na ja mata jan kuros.

Bayan an tashi Malama ta kira ni gindin wani mangwaro a bayan ajin. Ba ta ce mini kome a kan darasi ba. Sai ta buɗe jakarta, ashe ta biya kasuwa a hanya, ta ciro dunƙulen Maggi guda, ta ɗauki biro ta rubuta lambobi a kan takardarsa, fuska fuska, yadda na faɗa a aji. Ta aza shi a kan littafinta ta ce, "Malam, bismilla, mirgina mu gani." Na mirgina gaba: 2 ta hau sama, 1 ta koma baya, 6 ta fito tana dubana, 3 tana nan dama, 4 tana nan hagu. Na mirgina dama: 2 ta gangara dama, ta hagu ta hau sama. Huɗu! Na mai da shi na sāke. Huɗu. Na sāke na uku, har yanzu huɗu. Kai, jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin nan da na shige.

Ina tsaye sai na gane inda na ɓata. Da dare na fara mirgina shi dama ne, kāna gaba, don a zatona duk ɗaya ne, kamar yadda 2 a tara da 3 ya ke daidai da 3 a tara da 2. Ashe juyi ba haka ya ke ba. In ka fara da dama sa'an nan gaba, 2 ce a sama. In ka fara da gaba sa'an nan dama, 4 ce. Wanda aka fara da shi yana sāke sakamako. Yaron da aka tafa wa kuwa, na gane daga baya, mirginawa ta farko kaɗai ya yi ya tsaya. Kuskurensa dabam, nawa dabam, muka haɗu a kan amsa guda, muka taru muka kā da mai gaskiya.

Malama ta ce, "Kuskuren lissafi bai dame ni ba, kowa yana yi. Abin da ya dame ni shi ne hannun nan da ka sa aka sauke. Da shi ta ke tunani." Ta ce in na sami sarari in nemi labarin binciken wani masani mai suna Roger Shepard. Makin da ta ba ni ran nan ba zan faɗa ba, amma ban ce an zalunce ni ba.

Na nema, ga kuma abin da na samu. A shekarar 1971 Roger Shepard da ɗalibarsa Jacqueline Metzler, a Jami'ar Stanford ta Amurka, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun zana siffofi waɗanda aka gina kowace da kiyub goma manne da juna, masu lanƙwasa kamar hannu da gwiwarsa. Sai a nuna wa mutum zane biyu a jere, a tambaye shi: abu ɗaya ne aka juya, ko kuwa ɗayan kishiyar ɗayan ne, kamar hannun dama da na hagu waɗanda kome juyin da ka yi musu ba za su zama ɗaya ba? Mutum takwas aka gwada, kowannensu ya duba zane biyu biyu har 1,600, ana auna lokacin da ya ɗauka. Abin da suka gani shi ne, gwargwadon girman juyin da ke tsakanin zanen biyu, gwargwadon daɗewar mutum kafin ya amsa. In babu juyi, kamar sakan guda ya isa. In an juya abin rabin zagaye, watau digiri 180, sai ya kai sakan huɗu ko fiye. Lissafinsu ya nuna mutum yana juya abin a kansa kimanin digiri 60 a kowane sakan.

Ka ga ma'anar wannan, ɗan'uwa? Watau hankali ba ya tsallake daga farko ya dira a ƙarshe. Yana bin hanya ne taki taki, kamar yadda hannu zai bi, kowane taki kuwa yana cin lokacinsa. Waɗannan fa manya ne aka gwada, ba 'yan aji biyar ba. Ashe jinkirin da na gani a wurin yarinyar nan aikin ne kansa a ke yi. Mu da muka yi sauri, mun yi sauri ne don ba mu gama aikin ba.

Batun hannu kuma, shi ma an bincika. A 2011 wasu masana biyu a Jami'ar Birmingham ta Ingila, Mingyuan Chu da Sotaro Kita, suka buga rahoto cewa mutanen da aka ƙarfafa su motsa hannu sa'ad da su ke warware irin wannan tambaya ta juyi sun fi waɗanda ba a ƙarfafa ba samun amsa daidai. Da na karanta wannan sai na tuna da muryata ina cewa nan aji ne ba kasuwa ba, na rasa inda zan sa kaina.

Ran Alhamis na shiga aji da dunƙulen Maggin nan, gama Malama ta bar mini shi. Na tsaya gaban yara na ce jiya malaminku ya yi kuskure, amsa 4 ce, wance ce ta faɗi daidai. Na mirgina musu suka gani. Na ɗauko littafinta na soke kuros ɗin, na rubuta maki, na ce mata ta yi haƙuri. Wani malami ya ja ni gefe daga baya ya ce bai kamata in zubar da girmana a gaban yara ba. Na ce masa girman ai tun jiya ya zube, yau tsince shi na ke yi. Amma ita yarinyar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Mako ya wuce, na biyu ya shiga, in na yi tambaya sai ta sa hannuwanta a ƙarƙashin tebur.

Da abin ya dame ni sai na roƙi hedimasta ya haɗa ni da wani yaro ya raka ni gidansu ran Asabar, don in ba iyayenta haƙuri. Na tarar wurin kakarta ta ke, kakar kuwa maginiya ce, Bagwariya, ko in ce 'yar ƙabilar Gbagyi kamar yadda su ke kiran kansu. Na same ta a tsakar gida tana gina randa. Na ce, "Sannu da aiki, Kaka." Ta ce, "Yauwa, ɗana, sannu da zuwa. Zauna, yumɓu ba ya jira." Na zauna ina kallo. Randar tana tsaye wuri guda, ba ta motsi. Tsohuwar ce ke zagaya ta a sunkuye, hannu ɗaya a ciki, ɗaya a waje, tana jan yumɓun sama, tana ƙara wani, tana shafewa, har baki ya fito a zagaye sumul ba tare da ma'auni ba. Na tambaye ta yadda ta ke sanin wancan gefen ya yi daidai da wannan alhali ba ta ganinsa. Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, in sai na gani kāna in sani, ai randa ta karkace. Tun ba a fara ba tana nan a kaina, ciki da baya." Jikar tana gefe tana murza mata yumɓu, ta ce tun tana 'yar shekara biyar ta ke taya ta.

Na ba da haƙurin da ya kawo ni. Tsohuwar ta ce ba kome, malami uba ne. A hanyar komowa na tuna da Ladi Kwali, 'yar wannan yanki, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin tun 2007. Ita ma da irin wannan gini na zagaya tukunya ta fara. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, garin da yanzu a ke kira Suleja, ita ce mace ta farko da aka ɗauka a can. A wurin ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, inda magini ke zaune tukunya ce ke zagayawa. Ta ƙware a duka biyu, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kafin rasuwarta a 1984. Sai na ga hanya biyu ke nan ta sanin bayan abu: ko ka juya shi, ko kai ka zagaya shi. Ko mu nan Zuba mun san haka, gama fuskar mutum da a ke gani a jikin Dutsen Zuma daga gefe guda a ke ganinta, in ka zagaya ta ɓace, dutsen kuwa shi ne dai. A ganina yarinyar nan ta zo makaranta da wani ilimi da ta samo a gindin randa, ni kuwa da ban taɓa gina ko kasko ba na ce ta ajiye shi a bakin ƙofa.

Wani zai ce ai wannan baiwa ce, wanda aka ba an ba shi. Ni ma dā haka na zata, amma bincike bai goyi bayan haka ba. A 2013 David Uttal na Jami'ar Northwestern ta Amurka da abokan aikinsa suka tattara bincike 217 da aka yi a kan horar da mutane irin wannan tunani na siffa da wuri. Suka tarar horo yana ƙara gwaninta ga yara da manya, maza da mata, gwanintar tana daɗewa, tana kuma taimakawa a wasu ayyuka masu kama da wanda aka yi horo a kai. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, domin magini da kafinta da tela da makanike da injiniya da likitan fiɗa duk da shi su ke cin abinci. Kowane bene da ka gani a cikin birnin Abuja, sai da wani ya dubi zane a shimfiɗe a takarda ya ga gini tsaye a kansa.

Saboda haka a makonnin da suka rage mini na sāke dabara. Na roƙi yumɓu wurin Kaka, kowane yaro ya gina nasa kiyub ya shanya, ya sa masa lambobi. Muka gano da hannunmu cewa hanya 24 a ke iya ajiye shi: fuska shida kowace tana iya zama a sama, kowace kuma a juya ta sau huɗu. Muka tara tsofaffin kwalaye daga masu shaguna, muka riƙa yanka murabba'i shida a manne muna naɗewa, mu ga wanne zai rufe ya zama akwati, wanne zai ƙi. Na gaya musu masana lissafi sun tabbatar shimfiɗa iri 11 ce kaɗai ke rufewa, na ce su nemo. Doka guda na kafa: kafin ka naɗe, sai ka fara faɗin abin da ka ke zato, ka nuna da hannu, kāna ka gwada. Da haka hannu ke koya wa kai, har a kai ranar da kai zai iya shi kaɗai. Kafin in taho mun sami tara. Uku daga ciki yarinyar nan ce ta samo, amma ba ta taɓa kawo su a gaban aji ba. Sai an tashi, kowa ya fita, ta zo ta ajiye a kan teburina ta wuce. Har ranar da na yi sallama da su ban sāke ganin ta ɗaga hannu ba. Minti guda na yi ina rushewa, mako shida ban gama gyarawa ba, wannan kuwa yana nan a zuciyata.

To, 'yan'uwana masu shirin fita gwajin koyarwa, ga abin da na ke roƙonku. Na farko, kada ku koyar da abu mai fuska shida da allo mai fuska ɗaya kaɗai. Yumɓu da kwali da dunƙulen miya ba su fi ƙarfin kowace makaranta ba, gani kuwa ya kori ji. Na biyu, in kun yi tambaya ku ƙidaya goma a zuci kafin ku zaɓi mai amsawa, gama sannu ba ta hana zuwa. Na uku, in kun ga yaro yana motsa hannu ko yatsu, ku tambaye shi abin da ya ke gani kafin ku tsawata. Na huɗu, duk amsar da kuka rubuta a takardar darasi ku gwada ta da abu na gaske, in kuwa yaro ya yi muku gardama ku ce ya zo ya nuna.

Zan rufe da wata tambaya, wadda yarana suka sha gardama a kanta. Ka mai da ɗan ludonka yadda ya ke da farko, 1 a sama, 2 tana dubanka, 3 a dama. Ka mirgina shi gaba, sa'an nan dama, sa'an nan baya wajenka, sa'an nan hagu. Ya komo daidai inda ya tashi a kan tebur. Wace lamba ce a sama? Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka ji kunyar ɗaga hannunka. Wanda ya samu ya aiko wa Edita.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Allah ya ba mu haƙuri da yaran da za a danƙa mana amanarsu, amin.